LINZAMI KAFIN ƘAIMI

Waɗanda suka saba da littattafaina sun san ni da labarin soyayya da na zaman aure, to yau ga ni da wata magana daban, maganar doki da mahayinsa. Na san wani zai ce, me ya haɗa mace da sirdi? Amsar ba ta da nisa. Mu ne muke haifar mahayan, mu ne muke kai rigunansu wajen mai bugu ana jibi Sallah, mu ne muke rangaɗa musu guɗa daga kan soro, kuma in tsautsayi ya faɗa doki ya take yaro a bakin titi, mu ɗin dai mu ne masu kwana a asibiti. Saboda haka ina ganin muna da bakin magana.

Baƙo idan ya zo kallon hawan Sallah a Kano abin da idonsa yake fara kamawa shi ne ado: alkyabba, rawani, jalala mai aiki, ƙarar bindiga da ta kakaki. Amma ɗan gari ya san akwai abin da yake riƙe da wannan taro na dubban dawaki da mutane har a fita lafiya a dawo lafiya, wato doka da ladabi. Kowane mahayi da gurbinsa, da irin shigarsa, da inda zai saki doki, da inda zai ja linzami. Tarihin wannan ladabi nake so mu ɗan bi tare, mu biyo shi har titinmu na Fagge da Sabon Gari, domin a nan ne ake gane mahayin da ya samu tarbiyya da wanda ya ari doki kawai.

DAGA FAGEN FAMA

Asalin hawa dai ba wasa ba ne, shirin yaƙi ne. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali cikin rundunar Kano. Lifidi kuwa riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a lulluɓe doki da mahayi da ita, don kibiya ta sami abin da za ta maƙale. Har gobe idan ka ga 'yan lifidi a gaban Sarki, to ragowar wancan zamani kake kallo.

Bayansa da wasu shekaru sai ga Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, wanda ya gina gidan sarautar da ake ciki har yanzu, ya kafa Kasuwar Kurmi. Shi ne aka ce ya fara busa kakaki, da figini na gashin jimina, da dawakin zage, wato dawakin da ake ja ba kowa a kansu, in wanda Sarki yake kai ya gaji a sauya masa. Galibin masu ba da tarihi daga zamaninsa suke ɗauko hawan Sallah.

To a wancan lokaci kowane mai sarauta da adadin dawakin da zai fito da su in an buga tambarin yaƙi. Hawan Sallah shi ne ranar da Sarki zai gani da idonsa, wane ne ya kula da bargarsa, wane ne ya bar dawaki suka rame, wane ne yaransa suka iya riƙe sahu. Mai karatu ka duba sunayen sarautun ma kawai. Madaki, ko Madawaki, mai dawaki ke nan, jagoran mayaƙan kan doki. Shamaki kuwa shi ne mai kula da bargar Sarki. Mutanen da suka ba doki sarauta har guda nawa, ai ba su ɗauke shi abin wasan yara ba. A fagen fama mahayi ɗaya in ya karya sahu don ya nuna shi jarumi ne, yana iya jawo a hallaka mutum ɗari. Daga nan dokar ta samo tushe, kuma da yaƙi ya ƙare ba a yar da ita ba.

KOWA DA GURBINSA

Doka ta farko ita ce ta jeri. Hakimai ba sa fitowa yadda suka ga dama, kowanne ya san wanda yake gabansa da wanda yake bayansa, kuma cikin tawagar hakimi ɗaya ma akwai tsari, makaɗa da wurinsu, zagage da wurinsu, 'ya'ya da barori da wurinsu. Ba a tsallake na gaba komai kyan dokinka. Ba a ratsa tawagar wani. In na gaba ya tsaya, ka tsaya, ko da rana tana dukan ƙeyarka.

Ta biyu ita ce ta shiga. A Kano rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne, attajiri komai dukiyarsa ba zai naɗa shi ya shiga hawa ba. Laima da tagwayen masu da takalmin gashin jimina kayan Sarki ne. Kakaki ba a busa wa kowa shi. Wannan ba rowa ba ce, hikimar ita ce mai kallo daga nesa ya iya karanta taron kamar yadda ake karanta allo, ya ce ga wane, ga yaran wane. Kuma idan wani ya yi ɓarna an san ƙofar da za a je a yi sallama, domin laifin yaro a cikin hawa na ubangidansa ne.

Sarki kansa bai fita daga cikin dokar ba. Ranar Idi a ƙasa yake takowa zuwa filin Idi na Ƙofar Mata cikin fararen kaya, sai an idar da salla sannan ya hau. Washegari da yamma a yi Hawan Daushe, wanda ake cewa ya samo suna daga wani bafade Daushe da ciwo ya hana shi hawan Idi, aka sake hawa dominsa. A ranar ne Sarki yake zuwa Babban Ɗaki ya sauka daga kan doki ya gaida mahaifiyarsa. Ni wannan wuri yana taɓa ni ƙwarai. Mutumin da gari duka yake faɗuwa gabansa, ga shi ya bar laima a waje ya shiga ya rusuna wa tsohuwa. Yaron da ya ga haka, wane ne shi da zai ce hawan doki ya fi ƙarfin gaisuwa?

JAFI

Daga Babban Ɗaki sai Ƙofar Kudu, inda ake jafi. Mahaya za su jeru, su saki dawaki a guje kamar za su bi ta kan Sarki, ƙura ta turnuƙe, sai sun zo daf da shi su ja linzami gaba ɗaya, dawaki su turje, su ɗaga hannu su yi jinjina. Yara suna tsammanin gudun shi ne abin kallo. Tsofaffi kuwa tsayawar suke jira. Gudu ai ko ɓarawon akuya ya iya, amma ka tsayar da ingarma mai zafi a daidai inda aka ce, tare da 'yan uwanka, ba wanda ya wuce ba wanda ya rage, wannan sai wanda ya sha horo shi da dokinsa. Ma'anar jafi ke nan tun asali: ga ƙarfinmu, mun kawo shi gabanka mun tsayar. Wanda doki ya ƙwace masa a Ƙofar Kudu, ko ya faɗo rawani ya warware, maganar takan bi gidansu har wata Sallar.

RANAR FAGGE DA SABON GARI

Kwana na uku shi ne namu, Hawan Nasarawa. Kafin in faɗi yadda yake, bari mu san su wane ne mutanen wannan hanya.

Fagge tana bayan ganuwa, kuma tun da can zango ce. Nan Buzaye da ayarin Azbin suke sauke raƙumansu da gishirin Bilma, nan fatake suke kwana kafin su shiga Kurmi. Dokin Azbin da ake yabo a kirari ma ta irin wannan hanya yake shigowa. Saboda haka Bafagge da baƙo ya tashi, da dabba ya tashi. Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya zo da ma'aikata da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari a gefen Fagge. Kwarori kuma suka kafa kantunansu a Fagge ta Kudu, inda ya zama Kantin Kwari. Ka ga ke nan cikin 'yan shekaru sai ga wata Kano ta biyu ta tsiro a waje, mai yare da yawa da addini fiye da ɗaya.

Hawan Nasarawa ana danganta shi da zamanin Sarki Abbas, lokacin da Sarki yake fita ya gaisa da Razdan. Da Turawa suka tafi sai gaisuwar ta koma gidan Gwamna. Sarki yakan fita da safe, ya biya gidansa na Nasarawa inda aka binne wasu daga cikin sarakuna, nan ne ma aka kai marigayi Ado Bayero a 2014, sannan ya je gidan gwamnati. A komowa sai ya zagayo ta Sabon Gari da Fagge ya shige birni.

Wannan zagaye ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya san tarihi ya san a watan Mayu na 1953 an yi kwanaki ana faɗa a tsakanin Fagge da Sabon Gari, an rasa rayuka, kuma a 1966 an ga abin da ya fi wannan muni. A kan wannan titi da jini ya taɓa zuba, a nan Sarki yake bi a hankali yana ɗaga hannu, Inyamurai da Yarbawa da sauran ƙabilu sun fito ƙofar shagunansu, wasu da kiɗansu na gargajiya, mata sun ɗora yara a kafaɗa. Ado Bayero ya yi sama da shekara 50 yana sarauta, daga 1963 zuwa 2014, yara da yawa na Sabon Gari a wannan rana suka fara ganin Sarkin garin da aka haife su. Abin da hawan yake faɗa musu ba da baki ba shi ne, ku ma nawa ne.

To mai karatu ka auna da kanka. A cikin birni kusan kowa ya san doki, ya san ba a tsayawa a bayansa, ya san in an ce hattara sai a matsa. A Sabon Gari akwai wanda bai taɓa matsowa kusa da doki ba sai ranar. Ga kwalta mai santsi, ga kwata a buɗe, ga 'yan tebur da masu talla. Shi ya sa a wannan hanya ba a sukuwa, tafiya ake ta ƙasaita, zagi yana gaba yana buɗe hanya, mahayi yana amsa gaisuwa. Mahayi ɗaya in ya zaburi doki ya ture teburin wata mai sayar da lemo, ko ya ɗaga bulala a kan wani, ba za a ce wane ne ya yi ba, cewa za a yi mutanen Sarki ne. Alherin da aka shekara ana ginawa sai yaro ɗaya ya rushe shi da ƙaimi.

DOKAR DA TURAWA SUKA RUBUTA

Turawa sun tarar da hawa, ba su suka kawo shi ba. Abin da suka kawo shi ne suna da takarda. Kalmar daba daga Indiya suka taho da ita, inda suka yi manyan taruka irin wannan a Delhi a 1877 da 1903 da 1911. A Kano an yi wa Gwamna Lugga hawan daba a farkon 1913, an yi wa Yariman Ingila a 1925, sarakuna suka taho daga ƙasashensu da dawaki. A 1956 aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna, a 1977 kuma aka sake yin wani a can lokacin bikin FESTAC. A irin waɗannan taruka ne aka shiga tsara komai da agogo, wace masarauta ce za ta fara wucewa, wace ce za ta biyo.

Sun kuma kawo wasanni biyu masu alƙali. Na farko sukuwar fili, wadda har yau muke da Filin Sukuwa a Kano saboda ita, inda dawaki suke tashi tare daga layi ɗaya, kuma wanda ya tare wa ɗan uwansa hanya ana iya ƙwace nasararsa ko da shi ya fara isa. Na biyu folo, ƙwallon dawaki. An kafa kulob ɗinta a Ikko a 1904, amma wanda ya dasa ta a ƙasar Hausa shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko cikin shekarun 1920, ɗansa Usman Nagogo kuma, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya gwanance har aka ba shi maki 7 a ma'aunin da ƙarshensa 10 ne. Kano ma ta karɓa, tana da filinta da gasarta.

Dokokin folo abin a tsaya a duba ne. Mutum huɗu ne kowane ɓangare. Ana yi ne zango-zango na minti 7, sannan a sauya doki don kada a kashe shi da gudu. Sanda a hannun dama kawai ake riƙe ta, ko da kai bahago ne, don kada mahaya biyu su yi karo gaba da gaba. Babbar dokar kuwa ita ce ta layin ƙwallo: wanda yake bin ƙwallo a kan layinta shi ke da hanya, ba ka da ikon gitta masa. Alƙalai biyu suna kan dawaki a cikin fili, na uku yana zaune a gefe don raba gardama. Ku duba fa, Bature ya rubuta tasa a littafi, Bahaushe ya riƙe tasa a ka, amma duk magana ɗaya suke: kada ka ratsa gaban wani, kada ka cuci dabba, kuma akwai wanda in ya ce tsaya dole ka tsaya.

HAƘƘIN DOKI

Akwai kuma ladabin da ba a gani a titi, na barga. Mutanen da suna cewa a turke ake gane mai doki. Harawa da dawa da dusa da kanwa a kan lokaci, wanka da sosa, duba kofato, duba baya kada sirdi ya yi masa gyambo. Kafin a hau a duba majanyi ya ɗauru, likkafa ta yi daidai da ƙafa. Linzaminmu na gargajiya yana da kaifi, hannu mai nauyi yana fasa bakin doki da shi, don haka ganin jini a bakin doki ko a haƙarƙarinsa abin kunya ne ga mahayi. Yaro kuma ba a fara ɗora shi a kan ingarma, da ƙuru ake fara masa, ɗan gajeren doki mai haƙuri, babba yana riƙe da ragama, sai hannunsa ya nuna. Kili ne ko akawali ko bidi, launi na mai kallo ne, kulawa ita ce ta mai shi.

INDA GIZO KE SAƘAR

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Kilisa a da fitar da doki ce da yamma ya motsa jini, a bayan gari, a hankali. Yau sai ka ga samari sun yi hayar dawaki don angwanci ko don nishaɗi kawai, ba zagi, ba babba, ba wanda ya taɓa koya musu riƙon linzami, su saki dawaki a kan kwalta tsakanin motoci da 'yan Adaidaita Sahu. A bayansu kuma ga wasu da gora da wuƙa, masu ƙwacen waya suna fakewa da taron. Hawan daba da 'yan daba suna ne kawai ya zo ɗaya, amma mun bari ana neman a haɗa musu zumunci. A layinmu akwai yarinyar da aka aika sayen ƙuli, doki ya bi ta kanta, ta yi wata uku a kwance da karaya a cinya, mahayin ko waiwaye bai yi ba. Uwar har yau in ta ji kofato sai ta kwashe yaranta ta rufe ƙofa. 'Yan sanda sun sha hana kilisa a cikin gari, a yi kwana biyu a koma. Dokar da take zuwa daga caji ofis kaɗai ba ta daɗewa, sai wadda aka sha a gida.

Kada kuma mu ɗauka hawa abu ne da ba ya tsayawa. A 2020 annobar korona ta hana shi. A Babbar Sallar 2024 da kuma Sallolin 2025 jami'an tsaro sun dakatar da shi saboda rikicin sarauta. Abin mamaki, a tsakiyar wannan ne, a watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su. Duniya ta yaba a daidai lokacin da yaran Fagge suka tsaya bakin titi da sababbin kaya ba su ga ko wutsiya ba. Masu ɗinkin sirdi, da maƙeran linzami da likkafa, da masu sayar da harawa, da makaɗa, duk sun ji a jikinsu.

Don haka ina kira ga masu ba da hayar dawaki, kada ku miƙa ragama ga wanda ba ku san hannunsa ba don ya ajiye kuɗi. Ina kira ga hakimai da masu unguwanni, duk wanda zai bi tawagarku ku san shi ku san ubansa, kamar yadda aka gada. 'Yan uwana mata kuma, ɗanki in ya ce zai hau, kafin ki tambaye shi kalar rigar da yake so, tambaye shi wa ya koya masa, kuma bayan wa zai bi. In ya iya tsayawa, ki yi masa guɗa har muryarki ta dishe. In bai iya ba, ya haƙura ya yi kallo bana, baɗi ma rana ce.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya maimaita mana, Ya sa a hau lafiya a sauka lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.